Kwalabe Talatin na Kaka Des

Ranar Alhamis, 2 ga Janairu, da ƙarfe takwas saura ashirin na safe, kakana Desmond Pascoe ya faɗi a ƙofar rumfar bayan gidansa a garin Burnie na ƙasar Ostareliya, da bokiti a hannu. Likita ta ce zuciya ce. Shekarunsa saba'in da takwas da wata huɗu.

Kaka, kowa a unguwa ya sha giyar da kake haɗawa, kuma ba ka taɓa sayar da ko kwalba ɗaya ba. Da matar Alby, maƙwabcinka, ta rasu, wata shida kana kiransa ya zo ya danna murfi, don kada ya zauna shi kaɗai.

Ranar ɗura giya kowa da aikinsa. Kai ke riƙe tiyo, Alby na kan murfi, wani na zuba sukari cokali ɗaya a kowace kwalba. Ni kuwa wankin kwalabe. Shekara goma sha ɗaya ina tsugune da burushi, ina ɗaga kowace kwalba ga hasken rana don in ga ko ta fita. Fergus, mijin yayata Bronte, ya shigo gidanmu shekara uku da suka wuce, kuma a zuwansa na biyu ka miƙa masa cokalin sukari. Da na yi magana sai ka yi dariya: "Haba Farfesa, koma kan bahonki. Mutumina hannunsa ba ya rawa." Nawa ma ba ya rawa. Shekara huɗu ina auna abin da bai kai ƙwayar gishiri ba a ɗakin gwaji na jami'a.

Ranar Asabar, 14 ga Disamba, na karɓi digirina a Hobart. Ka ce gwiwarka ba za ta jure zaman mota ba. Na yarda. Daga baya na ga kwanan watan da ka rubuta a murfin kwalabe: a ranar kuka ɗura talatin, kai da Alby da Fergus. Fergus ne ya wanke.

Bayan jana'izarka ranar Laraba aka buɗe tara daga ciki. Bakwai sun yi tsami, kumfa har kan tebur. Alby ya tofar, ya ce, "Kai Fergus, da ruwan kwata ka ɗauraye su?" Aka yi dariya, Fergus ya sunkuyar da kai. Ka yafe mini, Kaka: gawarka ba ta yi awa biyu a ƙasa ba, na ji daɗi har cikin raina.

Jiya matarka, Kaka Noelene, ta raba kayan rumfa yadda ka bar wasiyya. Cokali ga Fergus. Ni burushi. Ta ce, "Ungo, 'yar nan. Haka ya ce, ban ƙara ba, ban rage ba."

Allah Ya jiƙanka, Ya gafarta maka, Ya sa ka huta. Ya ba Kaka Noelene haƙuri, da mahaifiyata, da Bronte, da Alby. Har Fergus, wanda na ga yana kuka da gaske.

Akwai abubuwan da ban sani ba har yanzu. Ban san nawa ne masu kyau cikin ashirin da ɗayan da suka rage ba. Ban san ko ka ɗaga kwalaben Fergus ga haske ranar nan ba, balle me ka ce. Ban san ko gwiwar ce da gaske ba. Kuma ban sani ba ko ka bar mini burushin nan don ba wanda ka yarda da shi kamar ni, ko kuwa don shekara goma sha ɗaya ba ka taɓa waiwayowa ka ga na girma ba.