Dandamalin da Ba Ya Bushewa

Duk wanda ya ce Donya Zulema Arrúa ba ta ƙarya, to bai taɓa zama a barandarta ya sha mate, shayin ganyen nan namu, ba. Tana yi, kuma idonta cikin naka take yi, har kai ka ji kunyar ƙaryata ta. Sai dai ƙaryarta irin ta tsofaffi ce, wadda ake bayar da labarinta ana dariya. Guda ɗaya ce ta kusa fitar da ita daga gidanta.

Tana budurwa ta zo rafinmu daga Corrientes, ta auri Crisanto mai saƙar kwanduna. Ta tsinki lemo a gonakin mutane, ta fere rassan saƙa har tafin hannunta ya yi kanta, ta haifi 'ya ɗaya tilo, Nilda. Yarinyar ta yi boko tana bin jirgin ruwan 'yan makaranta, ta zarce Buenos Aires, ta samu aikin ofis da miji da ɗaki a can saman bene, inda ko sauro sai ya huta a hanya kafin ya isa. Da Crisanto ya rasu, ya bar wa matarsa gidan katako a kan dogayen ƙafafu, da lambu a bayansa, da dandamalin katako a bakin ruwa.

A wajenmu gidan da ba shi da dandamali daidai yake da gida marar ƙofa. A nan jirgin fasinja ke sauke ka, a nan jirgin kanti ke miƙo maka burodi da tukunyar gas. Kowace shekara kafin zafi ya shigo, mai gida kan karɓo baƙin mai wajen masu gyaran inji, ya sirka da ɗan dizal, ya shafe katakon da tsumma, sannan ya gitta igiya a bakin dandamalin. Duk wanda ya ga igiya ya san ba a takawa sai ya bushe. Baƙo ya sauka a na maƙwabci ya biyo ta 'yar hanyar bakin gaɓa. Crisanto bai taɓa tsallake shekara ba. Zulema ma ta ci gaba da shafawa, amma mai ba ya shiga ƙarƙashin ruwa, kuma a can ruɓa take aikinta shiru.

Abin da ya fi damunta ma ba dandamalin ba ne. Gwiwoyinta ne suka ƙi ta. In ta durƙusa cire ciyawa, tashi sai ta kama fartanya ta yi ta zagin kakannin gwiwar. Ga shi duk ranar da iskar kudu maso gabas ta kaɗa, kogi sai ya kumbura ya shiga lambu ya kwana, da safe ta tarar da tumatir ɗinta kwance cikin laka. Lambun nan kuwa shi ne abokin hirarta tun bayan Crisanto. Ta fi yi wa barkono magana a kan yadda take yi wa wasunmu.

Ana nan sai Nilda ta zo ziyara, ta taka dandamali ta ji ya yi mata lilo. Ranar an yi ta. 'Yar ta ce tsohuwa mai shekara saba'in da wani abu, ita kaɗai, da gwiwa marar lafiya da dandamali mai rawa, wannan neman mutuwa ne da ido buɗe. Uwar ta ce ai rawar tasa ba ta yi yawa ba, gaisuwa ce yake yi wa baƙi. Nilda ba ta yi dariya ba. Ta ce za ta aiko da katako kuma za ta biya kafinta, amma in ta dawo ta tarar ba a gyara ba, to Mama ta haɗa kayanta, akwai ɗaki a bene yana jiran ta.

Babu abin da Zulema ke tsoro a duniya kamar ɗakin nan. Ta taɓa kwana a cikinsa, ta dawo tana cewa mutane suna tafiya a saman kanta, kuma ƙasar da ke gidan duka ba ta cika tukunyar fure ɗaya ba.

Katako ya iso a jirgin kaya. Tsofaffin gumaguman layin dogo ne, na jan icen kebaraco, wanda gara ke gani ta canja hanya, in ka jefa shi a ruwa kuma ya nutse kamar dutse. Zulema ta zagaya su, ta shafa, ta ƙwanƙwasa. Wani zai ga dandamali. Ita kuwa komayen lambu ta gani, masu tsayi har ƙugu, waɗanda ba sai ta durƙusa ba, kogi kuma ya yi ta kumburinsa a ƙasa.

Kafintan shi ne maƙwabcinta, Don Fermín, tsoho mai haƙuri da son ciki. Da ya zo da zartonsa, ta zaunar da shi, ta soya masa wainar fulawa da kitse, ta miƙa masa ƙoƙon mate. Sai da ya ci ta uku sannan ta ce masa ai Nilda ta bugo waya ta sake shawara, wai a fara da lambu. Don Fermín ya dube ta, ya dubi farantin. Ya san Nilda tun tana tsumma, ya kuma san ba za ta faɗi haka ba ko a mafarki.

"Donya Zulema, da bakinta ta faɗa?"

"To da bakin wa za ta faɗa, Don Fermín? Ƙara ɗaya, kada ta huce."

Ya ƙara. Shi ke nan shari'a ta ƙare.

Aiki ya yi kyau, wannan ko maƙiyi ya shaida. Suka jera gumaguman bisa juna, aka huda su da ƙyar, don icen ya cinye wa Don Fermín bakin abin huji har yana kiran sunayen waliyyai, aka soke su da rodi. Zulema ta sa aka shimfiɗa leda mai kauri ta ciki, don tsohon man jirgin ƙasa da icen ya sha kada ya taɓa saiwa. Ƙasa kuwa, masu yankan gora ta yaudara suka yi mata jigilarta daga tudu, ta biya su da lemon da ta dafa da sukari. Kafin wata biyu tumatir ya tasa, ga latas, ga barkono. Iska ta kaɗa, kogi ya shigo ya lashi gindin komayen ya koma da kunya. Zulema ta tsaya a baranda tana yi masa gwalo.

Saura dandamali, da Nilda da ta ce tana tafe ranar Lahadi.

A nan ne tsohuwar ta nuna ita tsohuwar hannu ce. Ranar Asabar ta ɗauko garwar baƙin mai ta shafe ruɓaɓɓen katakon nan tas, har yana ƙyalli, ta gitta igiya. Da jirgi ya kawo Nilda da mijinta Osvaldo, direba ya ga igiya ya sauke su a dandamalin Don Fermín. Daga gaɓa dandamali baƙi wul, sabo fil a ido. Osvaldo ya riƙe ƙugu ya ce lallai kafintan nan ya san aikinsa. Don Fermín ya sunkuyar da kai, suka ɗauka kunyar yabo ce. Lambu kuma yana bayan gida, Zulema ta shanya zannuwan gado a tsakani, ta cika baƙinta da gasasshen kifi har suka kasa motsi.

Da ta tsaya a nan da ta tsira na ɗan lokaci. Amma mai dabarar da ta ci sau ɗaya ba ya ajiye ta. Nilda ta sake zuwa, dandamali ɗanye. Ta kuma zuwa, ɗanye. Ta tambaya, uwar ta ce ai kebaraco ice ne mai ƙishirwa, sai an yi ta ba shi mai. Duk rafin ya sani, kuma duk rafin ya yi gum, har da masu zuwa coci kullum. Jirgin kanti ya koma miƙa mata burodi a kan doguwar sanda. In aka ga Zulema da garwa, sai a ce to, gobe Nilda na hanya.

Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Wata Laraba Nilda ta samu hutu, ta sayo wa uwarta maganin gwiwa, ta hau jirgi ba ta gaya wa kowa ba. Babu igiya ranar. Direba ya yi ƙoƙarinsa, ya ce bari ya sauke ta gaba kaɗan, ruwa ya yi ƙasa. Ta ce a ƙofar gidansu za ta sauka. Ta taka katako na farko, ta taka na biyu, na uku ya buɗe baki ya haɗiye ƙafarta har cinya.

Zulema tana cikin tumatir ta ji ƙarar. Gwiwar da ta ƙi durƙuso ranar ta yi gudu. Ita da direba suka zaro Nilda, ƙaurinta ya yage, jini na zuba, ga tsinin ƙusa mai tsatsa dab da inda ƙafar ta bi. Tsohuwar ta ga ƙusar. A baranda ta wanke mata ciwon, kuma a karo na farko a rayuwarta ta nemi ƙarya ta rasa.

Babu zannuwa a igiyar shanya ranar. Daga inda take zaune Nilda ta hango komaye jere, jajaye, cike da ganye. Ta daɗe tana kallo.

"Katakona ke nan, Mama?"

"Shi ne."

"To ki haɗa kayanki."

Zulema ta tsorata, kuma ita in ta tsorata bakinta ne ke kaifi. Ta ce ita lambu take bukata, shi take taɓawa kullum safiya.

"Dandamali na masu tafiya ne, 'yata. Ni ina za ni?"

Nilda ba ta ɗaga murya ba. Ta dubi ƙafarta da ke naɗe da tsumma.

"Ni mai zuwa fa, Mama? A ina zan taka?"

Tsohuwar ta miƙe, ta leƙa ta kan shinge ta ƙwala wa Don Fermín kira, ta ce ya zo da kayan aikinsa, yau babu waina. Sannan ta shiga lambu. Da hannunta ta tumɓuke tumatir ɗin, gindi bayan gindi, 'ya'yansa duk kore, ko ɗaya bai nuna ba. Tana yi tana hawaye, tana kuma zagin Don Fermín wai shi ya biye mata tun farko. Nilda tana kallo daga baranda, ta so ta hana, ta danne zuciyarta.

Kafin la'asar an fara zare rodi, gungumen farko ya nufi bakin ruwa a kafaɗar masu yankan gora. Maganar haɗa kaya ba wanda ya sake tayar da ita. Da jirgin yamma ya yi ƙaho, Zulema ta raka 'yarta har dandamalin maƙwabci, ta ɗora mata buhun ɗanyen tumatir a cinya.

"Ki naɗe su a takarda ki sa a inuwa, za su nuna. In sun ƙare ki dawo, kya samu inda za ki taka."