Na sa wa mamaci magana a baki

A wancan lokacin ni ɗalibi ne a shekarar ƙarshe ta digirin dokta, ɗan Malbaza, mai ji da kansa fiye da kima. Mahaifina ya ƙarar da ƙarfinsa a masana'antar siminti, kuma ba shi da buri kamar ya ji ana kiran ɗansa malamin jami'a. Bincikena a kan tsofaffin irin gero ne, waɗanda manoma suka gada daga kakanni. A wani ƙauye na karkarar Alela aka nuna mini wani dattijo, aka ce shi kaɗai ya san yadda ake zaɓen wani iri mai jure fari. Sau uku ina hawa kabu-kabu daga Konni zuwa wurinsa. Kullum sai ya sa a kawo mini fura, mu yi hira, amma da na taɓo maganar irin sai ya ce shi ba ya zancen gero yana tsaye a gona, in dawo idan dammunan gero sun shiga rumbu. Na yi masa alkawari da baki, a zuciyata kuwa ina cewa camfi ne kawai na tsofaffi.

Ana gama girbi sai wata jami'a ta kira ni ganawar ɗaukar malamai, ta kuma buƙaci in aika babi guda kammalalle daga bincikena. Babin da ya fi kowane armashi shi ne na dattijon, shi ne kuma babu komai a cikinsa. Na duba kwanakin, na ga ba za su ishe ni zuwa ƙauye da shirin ganawa ba. Sai na zauna na rubuta hirar da ba a yi ba. Na haɗa abin da na karanta da abin da na tsinta a bakin wasu manoma, na ce dattijon ne ya faɗa mini a gindin rumbunsa bayan girbi, har da sunan ƙauyen. Na gaya wa kaina zan koma daga baya in gyara. Tun daga ranar da na aika babin, ko wayata ta yi ƙara sai in zabura.

Ranar ganawa malamai biyar ne a gabana. Na yi bayani, baki na zuba, huɗu suna gyaɗa kai. Na biyar ɗin, mai furfura a gefen tebur, bai ɗago ba, yatsansa yana kan shafi guda tun da na fara. Da na gama sai ya tambaye ni cikin sanyin murya ko da gaske bayan girbi na zauna da wannan dattijo. Na ce ƙwarai. Ya sake tambaya ko lafiya na same shi. Na ce lafiya lau, har ya raka ni bakin hanya. Ya rufe takardun a hankali, ya ce dattijon ƙanin mahaifiyarsa ne, kuma da shi aka kai shi makwancinsa tun gero bai gama nuna ba. Wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Aikin ya tafi. Malamin da ke duba bincikena ya soke babin, ya ce ba zai sake sa hannu a kan shafi ko ɗaya ba sai ya ga shaida. Mahaifina ya rasu bai ji an kira ni da sunan da yake jira ba, ban kuma iya gaya masa dalili ba.

Sai da damina ta zagayo na iya zuwa ta'aziyya. Babban ɗan marigayin ya karɓi gaisuwata, ya shiga gida, ya fito da zangarniya uku ɗaure da tsumma. Ya ce da ciwo ya tsananta, tsohon ya zaɓe su da hannunsa daga tsohon irin da ke rumbu, ya ce a ajiye wa malamin nan mai tambaya, tunda ya yi alkawari zai dawo. Na karɓa, na kasa haɗa ido da shi.

Ina rubuto muku ne saboda ɗalibai ƴan'uwana da gaggawar neman aiki ke ja. Idan abu bai kammala ba, ku ce bai kammala ba, kunyar wannan ta yini ɗaya ce. Mutanen da muke rubuta maganarsu ba su karanta littattafanmu, shi ya sa muke ganin ba mai kama mu, amma suna da dangi, kuma sun yarda da mu. Zangarniya ukun nan suna rataye a ɗakina har yau. Ban shuka su ba, domin wanda zai gaya mini yadda ake yi ya tafi da saninsa, abin da ke cikin babina kuwa ƙaryata ce.