Littafin da na warware wa Yaya Nafisa

Bana shekara tara ke nan da aka kai Yaya Nafisa makwancinta a garinmu Mai Wurno. Ita ce babbar ɗakinmu, ita ce kuma ta koya mini Turanci a sakandaren 'yan mata, inda dole ni ma na riƙa ce mata Ustaza, wato malama, in muna aji. Allah ya jiƙanta. Ban taɓa kawo zancenta jarida ba, amma bana an taɓo abin da ta bari, ni kuwa ban iya haɗiye magana ba.

Yaya ba ta tsaya kan 'yan littattafan da aka tsara don jarrabawar shahada ta kammala sakandare ba. Ta dawo daga jami'a a Khartum da wasu labaran Turawa na farkon ƙarnin da ya wuce, waɗanda marubutansu suka daina jera labari daga haihuwa zuwa mutuwa, suka koma bin abin da ke kai-komo a cikin kan mutum. Kowace Talata take karanta mana su, mu kuwa sai mu yi zuru muna zungurar juna a ƙarƙashin benci.

Wani hutu ta ba ni ɗaya ta ce in karanta. Labarin wani tsoho ne zaune a tasha yana jiran jirgin ƙasa. A farko-farko matarsa ta mutu, can gaba ga ta tana dariya, gaba kaɗan kuma shi yaro ne a gindin uwarsa. Na ce lalle wanda ya ɗinka littafin nan ya yi aika-aika, lambobin shafin ma ban yarda da su ba. Mu 'ya'yan tela ne, allura ba baƙuwarmu ba ce. Na warware zaren, na baje takardun a tabarma, na sa yarinta a gaba, aure a tsakiya, mutuwa a ƙarshe, na ɗinke tsaf. Na kai mata ina ta washe baki, ina jiran yabo.

Ta jujjuya littafin. Sai ta kama hannuna har ɗakin kakarmu Hajja Tumba, wadda muka tarar tana soya gahawa.

"Hajja, gaya wa Hawwa yadda mutanenmu suka baro Sakkwato."

Hajja ta fara da haƙorin da ke damunta. Daga nan ta faɗa kan jakin da ya mutu wa kakanta a hanya, ta tsallako tsintar auduga a gonakin Jazira, ta share hawaye kan ɗanta da kogi ya ci, ta koma kan jakin, ta ce in miƙo mata citta. Har gahawar ta huce ba mu iso Mai Wurno ba, amma wallahi na ji gajiyar tafiyar nan a ƙafafuna.

"To, tela," in ji Yaya, "ɗauko allurarki ki jera mana Hajja."

Kunya ta kusa kashe ni. Tun ranar ban ƙara ce wa irin labaran nan shirme ba, domin na gane Turawan ba su ƙago komai ba, sun dai rubuta yadda tunawa take zuwa wa wanda ya sha wuya.

Yau ni ce ke riƙe da ajin Talata a wata makaranta da ba zan kama sunanta ba. Da aka sake buɗe mu bayan yaƙi ya daɗe da rufe ƙofa, shugaban makarantar ya kira ni ofis. Ya ce yara sun yi asarar karatu, a soke darasin adabi a cika gurbin da nahawu, labaran da ba kai ba gindi ba na wannan lokaci ba ne. Ban ce mugu ne ba, tsoron faɗuwar yara a shahada ne ke cinsa. Amma da Yaya tana raye, na san kallon da za ta yi masa ta saman tabarau, kuma na san da sai ya nemi inda zai sa kansa.

Ga abin da ya sa na kafe. Akwai wata ɗaliba, Sumayya, da iyayenta suka gudo daga Sinja. Wata malama ta ba su rubutu a kan tafiyar da ba za su manta ba. Sumayya ta fara da takalmin ƙanenta guda ɗaya, ta koma girkin sallar bara, ta faɗo cikin ƙarar mota, ta sake komawa kan takalmin. Malamar ta zabga mata jan biro, ta rubuta cewa babu tsari. Yarinyar ta zo mini da takardar a dunƙule, ta ce, "Ustaza, haka yake zuwa mini, ban iya jera shi ba." Na zaunar da ita, na karanta mata shafi biyu daga littattafan Yaya, na ce manyan marubuta ma haka ya zo musu, kuma ba wanda ya ce su sake. Ranar ce ta fara faɗin sunan ƙanen nata a gabana, ta kuma gaya mini bai iso tare da su ba.

Wannan ne ake so in soke? An cire darasin daga jadawali, sai na mayar da shi lokacin hutun karin kumallo, a inuwar dogon yaro, yara na ci suna saurare. Shugaban ya sake kirana.

"Ya Ustaza, ki bari mana, kada a ce kin yi taurin kai a ɗauke ki."

Na ce masa taurin kai gadonmu ne, a ɗaki ɗaya muka sha shi ni da Yaya.

Yaya ba ta rasu ta bar gida ba, ba ta bar 'ya'ya ba, hotonta ma guda biyu ne kacal a hannunmu. Abin da ta bari shi ne ta hana a raina yarinya don labarinta ya zo a wargaje, kuma wannan bai bi ta kabari ba.

Makon jiya takardar canjin wurin aiki ta iso, an tura ni wani ƙauye can gaban Sinnar. Na sa hannu ba gardama. Na bar wa Sumayya littafi ɗaya, sauran na ɗaure su a kwali. Ƙauyen da za ni ma akwai 'yan mata, kuma su ma sun yi gudu.