Abokina da Surukinsa a Fim Ɗina na Farko

Lokacin da haukan fim ya kama ni, ko kyamara ban taɓa riƙewa ba. Ina zaune a Sheme, sana'ata tura wa mutane fina-finai da waƙoƙi a waya, ranar kasuwa kuma in goya tsohuwar kwamfutata in tafi Ƙanƙara in kafa tebur. Wata rana ina neman abin da zan sauke wa masu saye, sai na ci karo da wani ɗan gajeren fim na wasu matasa a wata ƙasa mai nisa. Mutum biyu ne kawai a ɗaki ɗaya, babu mota, babu rawa, babu gidan bene, kuma da waya aka ɗauka. Ko yarensu ba na ji, amma sai da na share ƙwalla.

Wallahi ranar na kasa zama wuri ɗaya. Na bi diddigin irin mutanen nan, na yi ta kallon yadda suke bayanin aikinsu: taga ce fitilarsu, keken guragu ne abin tura kyamararsu, 'yan uwansu ne 'yan wasa. Na dubi wayata, na dubi garinmu, na ce to mu me muka rasa? Rana muna da ita har ta yi mana yawa.

Na tsara labari mai sauƙi. Wani ɗa ne ya sayar da bijimin huɗar ubansa a ɓoye don ya tafi birni, kuma duk fim ɗin ya rataya ne a kan wuri guda, inda uban ya tsare shi, shi kuma ɗan ya buɗe baki ya amayar da duk abin da ya daɗe yana ci masa rai. Ɗan wasan ban sha wahalar samunsa ba: abokina ne tun na ƙuruciya, ɗan kabu-kabu, mai bakin da in ya fara faɗa a tasha sai an taru. Muka yi ta ɗauka a gona da bakin hanya, na ɗaure wayar a jikin gora, farin zanen gadon innata kuma shi ke maido mana da haske a fuska. Duk abin da muka ɗauka sai mu haɗa kai mu kalla muna ihu kamar an ci ƙwallo.

Uba ne ya gagara. Duk dattijon da na tuntuɓa sai ya ce shi ya girmi wasan yara. Ana haka na tuna da wani tsoho a Damari, manomi, wanda aka ce a zamanin samartakarsa shi ke fitowa a wasan kwaikwayon da malaman gona ke shiryawa. Matsala ɗaya ce, tsohon nan surukin abokina ne, 'yarsa yake aure. Ni da zumuɗi ya rufe wa ido har murna na yi, na ce ai ta kwana gidan sauƙi, duk abu na gida ne. Na je na gaishe shi, ban gama bayani ba ya ce a kawo masa babbar rigarsa.

Ranar ɗauka muka isa Damari da hantsi. Tun daga nesa abokina ya kashe babur ya turo shi da hannu. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa can gefe, kai a ƙasa. Na ce ya tashi a fara. Ya tashi, na ce bismilla, Baba, wato surukin nasa, ya daka masa tsawa irin ta uban da aka sayar masa da bijimi, sai kawai na nemi abokina a cikin waya na rasa. Ya sake tsugunawa. Muka maimaita, ya buɗe baki zai ce ya gaji da gonar, abin da ya fito shi ne, "Allah shi huci zuciyarka, Baba."

Haushi ya kama ni kamar in fasa wayar. A hanyar komawa na yi ta zazzaga masa masifa ta bayan kunne, shi kuwa ya ce, "Kai ba ka da aure shi ya sa. Mutumin da ya ba ni ɗiyatai zan tsaya ma tsaye in ɗaga ma murya? Ko a mafarki na yi haka sai na tashi na yi istigfari."

Mun kusa gida wata dabara ta mutanen nan da nake kallo ta faɗo mini, har na daki bayansa muka kusa faɗawa rami. Ai ba dole ba ne su tsaya wuri ɗaya! Na ga wani ya ɗauki masu magana biyu a ranaku daban, ya haɗa, kuma babu mai ganewa.

Haka muka yi. A Sheme na samu katangar ƙasa mai kalar ta gidan Baba, na kafa karan dawa na ɗora masa hula daidai tsayin tsohon, na ce wa abokina ga ubanka nan, ci mutuncinsa. Kai, ranar na ga wasa! Jijiyar wuyansa ta tashi, idanunsa suka yi ja, ya nuna karan nan da yatsa yana cewa ya gaji da bautar gonar da ba ta san shi ba, har muryarsa ta karye. Daga baya na koma Damari ni kaɗai, a daidai hantsi irin wancan, na tsaya bayan waya ina karanto wa Baba maganganun ɗan a hankali cikin ladabi, yana mayar da martani.

Da na zauna na yanka na jera, wannan ya yi magana, wancan ya amsa, sai tsigar jikina ta tashi. Ga su nan fuska da fuska, ido cikin ido, alhali kowa yana garinsa. Na fita da gudu ba takalmi na nemo abokina a tasha.

Ya kalla har ƙarshe bai yi dariya ba. Ya miƙo mini wayar, ya ce, "Ka kashe mani aure. Wa zai yarda kara na zaga? Duk Damari za a ce na tsaya gaban surukina na nuna shi da yatsa."

Nan murnata ta koma ciki, don gaskiya ya faɗa: kyawun aikin shi ne matsalar. In na goge wurin, babu fim. In na fitar, abokina ba shi da fuskar shiga gidan surukansa. Muka yi ta ja, daga ƙarshe muka tsaya a kan cewa Baba zai fara gani kafin kowa, abin da ya yanke shi ke nan, ko da gogewa ce.

Muka same shi a zaure yana gyaran igiya. Abokina ya maƙale a waje. Na miƙa wa Baba wayar. Baba ya kawo ta kusa da ido, tsawar abokina ta cika zauren, ni kuwa ina kallon ƙasa. Da ya ƙare sai ya ce, "Maido shi baya." Na maido. Ya ce in tsayar daidai inda fuskar abokina ta cika wayar, ya daɗe yana dubanta.

"Kira mani shi."

Abokina ya shigo a duƙe ya tsuguna bakin ƙofa.

"Ashe haka idanunka suke," in ji Baba. "Tun da na ba ka yarinyar ga, tsakiyar hularka kaɗai na sani. Kullum ina tunanin wane irin mutum ne na ba, in aka taɓa ta ko zai iya buɗe baki. Yau na gani, hankalina ya kwanta."

Ya juyo gare ni ya ce in kai fim ɗin duk inda nake so, wanda ke da magana ya zo ya same shi. Sai ya laluba aljihu ya ciro ƙaramar wayarsa mai ɗaure da roba.

"Sa mani wurin ga a nan, inda shike faɗan. Na san shi, ko yanzu ba zai ɗago ya dube ni ba."

Bai ɗago ɗin ba kuwa. Ina tura wa Baba, ina ganin kafaɗun abokina suna rawa, yana goge fuska da bakin rigarsa.