Bangon da Kawu Ya Shafe

Kawuna mai zane ne a bakin tashar motocin Mirriya, nan Zinder. Bai taɓa sa sunansa a ƙasan aikinsa ba, wai yabon kai ne. Da kakata ta rasu ba ta bar hoto ba, sai ya zana ta da ka a bangon shagonsa, tana sussukar gero. Wani ya ɗauka da waya. Kwatsam sai ga fuskarta a ledojin garin kunu, da sunan wani kamfani. Kawu bai kai ƙara ba, don ba shi da shaida. Ya dama farar ƙasa, ya shafe bangon. Yanzu in ina son ganin kakata, sai a ledar da aka yar cikin kwata.