Sojan da ba ya cikin littafin kowa

Jiya na ji a rediyo wai ƙasashe za su daidaita yadda suke lissafin kaya da mutanen da jiragen ruwa ke ɗauka. Na yi dariyar takaici, na tuna wani dattijo makiyayi na Azagor.

Shi bai taɓa ƙidaya raƙumansa ba. Yakan tsaya bakin rijiya ya kira kowanne da sunansa, nan take ya gane wanda bai zo ba.

Zamanin Faransa aka ɗauki ɗansa soja, aka sa shi jirgi a Kotonu, shiru. Ina tafinta lokacin, ina yawo, sai ya roƙe ni in bincika. A Kotonu na tarar an rubuta sojoji da nauyi, cikin kayan gwamnati, tare da buhunan gyaɗa. A Dakar mai tikiti kaɗai ake kira fasinja. Ingilishi a Ikko ko kawuna suke ƙirgawa, babu suna.

Na komo na sami dattijon a kasuwar Dakoro yana dafa shayi, hannunsa na warin igiyar fata.

"Ɗana, yana raye? Matarsa ta yi takaba ko ta jira?"

"Baba, ba ya cikin littafin kowa."

Ya daɗe yana fifita gawayi. "Gyaɗar fa, ta isa?"

"Ta isa, Baba, buhu ɗaya bai ɓata ba."

Har ya rasu bai yarda a yi sadakar mutuwa ba, matar kuma ta tsufa a gidansa. Allah ya ji ƙansa, ya nuna masa abin da ni na kasa gano masa.