Man Feshin Surukina

Jiya ƙofar banɗaki ta yi ƙara, na ɗauko gwangwanin man feshi na sassauta ƙarfe. Warinsa ya tuna min da marigayi surukina. Duk abin da ya yi ƙara a gidanmu na unguwar Highbridge sai ya fesa masa, ya ce, "Ƙishirwa yake ji."

Aikina nutso ne, ina duba ƙafafun gadoji. Wata Lahadi na tarar da shi riƙe da na'urar da nake shaƙar iska da ita a ƙarƙashin ruwa. Ya jiƙa ta sharkaf da man, tana ƙyalli.

"Na wanke maka ita, gishiri ya fara cin ta."

Na san man nan yana lalata robobin ciki, ragowarsa kuma huhuna za ta shiga. Amma wa ke yi wa suruki gyara? Na durƙusa na ce, "Allah ya saka da alheri, Baba." Na kai ta gyara a ɓoye, kayan aikina suka koma kwana a mota.

Ya lura. Bai tambaya ba, bai kuma sake taɓa min komai ba. Shirun nan har yau yana sa ni sunkuyar da kai.

Allah ya shayar da kai, Baba, ranar da kowa ke jin ƙishirwa.